Dokokin Ƙwallon Raga da Wuraren da Gardama ke Tasowa: Amsa ga Wani Malamin Wasanni

Wani malami da ke koyarwa a wata makarantar sakandare a Tudun Wadan Zariya ya aiko da tambaya. Ya ce an ɗora masa kula da wasanni, makarantar kuma ta sayi raga da ƙwallo, amma duk yammacin da ɗalibai suka fita ƙwallon raga sai an tashi da gardama, domin wani malami ya ce kaza ce doka, wani kuma ya ce ba haka aka koya masa ba. Yana so a bayyana masa dokokin wasan na asali kafin gasar gidaje ta makaranta ta zo.

Malam, Allah ya yi maka jagora a wannan aiki. Kafin in shiga ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya, zan fara gaya maka abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina horar da yara da hura usur a filayen makarantu: mafi yawan gardamar da ake yi a ƙwallon raga tsakanin mutum biyu ne da kowannensu ya san doka, sai dai ɗaya ya riƙe tsohuwa, ɗayan ya riƙe sabuwa. Wasan ya canza ƙwarai a shekarun 1990, kuma malaman da suka buga shi suna ɗalibai kafin lokacin suna nan da abin da aka koya musu. Saboda haka duk inda na zo kan dokar da aka sauya zan nuna maka, domin ka san yadda za ka raba gardama ba tare da ka kunyata dattijo a gaban ɗalibai ba.

Wasan ya samo asali ne a shekarar 1895 a garin Holyoke da ke jihar Massachusetts ta Amurka, inda wani malamin motsa jiki mai suna William G. Morgan ya ƙirƙiro shi domin manyan mutanen da ƙwallon kwando ya yi musu tsanani. Hukumar da ke tsara dokokinsa a duniya ita ce FIVB, wadda aka kafa a birnin Paris a 1947, kuma an fara buga shi a gasar Olamfik a Tokyo a 1964. Dokokin da zan kawo nata ne, su ne kuma hukumar ƙwallon raga ta Nijeriya ke bi.

Mu fara da fili, tunda fili marar daidaito shi ne mafarin rigima. Tsawonsa mita 18 ne, faɗinsa mita 9, layin tsakiya kuma ya raba shi gida biyu, kowane ɓangare mita 9 a kan mita 9. A kowane ɓangare ana ja wani layi mita 3 daga tsakiya, wanda ya raba yankin gaba da yankin baya, kuma kada ka raina wannan layin, domin dokoki da dama a kansa suka rataya. Kaurin kowane layi santimita 5 ne, kuma layin yana cikin fili, wato ƙwallon da ta taɓa layi ko da ɗan kaɗan ne ta faɗa ciki. A bar sarari na aƙalla mita 3 a kewayen filin babu dutse, babu benci, babu 'yan kallo, saboda ɗan wasa yana da damar bin ƙwallo har wajen layi ya dawo da ita. Idan za ku zana filin da farar ƙasa ko toka, ku auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke karkace da ita: in kun sami mita 20 da santimita 12 a duka biyun, filin ya miƙe. Ina kuma ba da shawara a shimfiɗa tsawon filin daga kudu zuwa arewa, domin da yamma ake wasa, kuma idan ya kalli gabas da yamma ƙungiya ɗaya za ta wuni rana na dukan idonta.

Tsayin raga mita 2.43 ne ga maza, mita 2.24 ga mata, kuma a tsakiyarta ake aunawa. Ga yaran ƙananan azuzuwa babu laifi a sauke ta, hasali ma ya fi, domin yaron da bai taɓa iya tsallakar da ƙwallo ba ba zai daɗe yana son wasan ba. A gefe biyu na ragar, daidai kan layin gefe, ana ɗaura sanda siririya da ake kira eriya, mai tsawon mita 1.80, wadda santimita 80 daga cikinta ke fitowa saman raga. Dole ƙwallo ta ratsa tsakanin sandunan nan biyu, in ta taɓa ɗaya ko ta bi ta wajensu ta fita. Makarantu da yawa ba su da eriya, amma ko gora siririya aka samu aka shafa mata fenti ja da fari ta wadatar, kuma za ta kashe muku gardama mai yawa. Ƙwallon kanta kewayenta santimita 65 zuwa 67 ne, nauyinta giram 260 zuwa 280. Kada a cika mata iska ta yi tauri kamar ta ƙafa, musamman da hunturu lokacin da fatar hannun yara ke bushewa tana tsagewa.

Kowace ƙungiya tana da mutum 6 a fili, uku a gaba, uku a baya. Manufar wasan ita ce ka saukar da ƙwallo a ƙasan abokan karawa, ka kuma hana ta sauka a naka. A nan ne tsohuwar doka ta farko take. A da, ƙungiyar da ta yi sabis, wato bugun buɗe wasa, ita ce kaɗai ke iya samun maki, wadda ta karɓa in ta yi nasara sai dai sabis ya dawo hannunta kawai, kuma a maki 15 ake tashi. Tun daga 1999 an bar wannan tsari. Yanzu duk musayar ƙwallo maki ɗaya ce ga wanda ya ci ta, ko shi ya yi sabis ko ba shi ba. Ana cin zagaye da maki 25, da sharaɗin a ba abokan karawa ratar maki 2, don haka idan aka yi 24 da 24 sai a ci gaba har a sami 26 da 24, ko 27 da 25, babu iyaka. Ƙungiyar da ta fara cin zagaye 3 ita ta ci wasa. In aka yi biyu da biyu sai a buga zagaye na biyar, wanda ke tsayawa a maki 15 da irin wannan rata, kuma a cikinsa ana musayar ɓangare da zarar wata ƙungiya ta kai maki 8. A gasar makaranta, inda lokaci ke ƙurewa kafin magariba, kuna iya yarjejeniya cewa wanda ya ci zagaye 2 cikin 3 ya yi nasara, muddin an sanar da kowa tun kafin a fara.

Sabis shi ne bugun da ke buɗe kowace musaya. Mai yinsa yana tsayawa a bayan layin ƙarshe, ya saki ƙwallo ko ya cilla ta sama, ya buge ta da hannu ɗaya cikin daƙiƙa 8 bayan alƙali ya hura usur. A lokacin da ya buge ta, ko lokacin da ya daka tsalle idan da tsalle zai yi, ƙafarsa ba za ta taɓa layin ba, amma bayan bugun yana iya sauka cikin fili. Cillawa ɗaya ce tak, babu a cilla a fasa a sake. Akwai tsofaffin dokoki biyu a nan. Ta farko, a da sai daga kusurwar dama ake yin sabis, yanzu kuwa ko'ina a faɗin mita 9 na bayan layi ya halatta. Ta biyu, a da idan ƙwallon sabis ta taɓa raga laifi ne, yanzu in ta goge raga ta tsallaka wasa na ci gaba. Wannan ta biyun ita ce wadda na fi ganin an tsayar da wasa a kanta ba bisa ƙa'ida ba. Abin da bai canza ba tun 1984 shi ne ba a tare sabis a bakin raga, ba a kuma mayar da shi da duka kai tsaye daga yankin gaba yayin da ƙwallon take sama da raga gaba ɗayanta.

Daga nan sai maganar taɓawa, wadda ita ce zuciyar wasan. Ƙungiya tana da taɓawa 3 kafin ta mayar da ƙwallo, ta huɗu laifi ce. Yadda aka saba shi ne ta farko a karɓa da damatsan hannu a haɗe, ta biyu mai haɗawa ya ɗaga ta da yatsu kusa da raga, ta uku a daka tsalle a doke ta ƙasa, dukan da 'yan wasa ke kira sumash. Ba dole ba ne a cika ukun, ana iya mayarwa da ɗaya ko biyu. Mutum ɗaya ba ya taɓa ƙwallo sau biyu a jere, sai a wurare biyu. Na farko, wanda ya tare ƙwallo a bakin raga yana iya sake taɓa ta nan take, domin tarewa ba ta cikin lissafin ukun ko kaɗan, wato bayan tarewa ƙungiyar tana da taɓawarta 3 cif. Na biyu, a taɓawar farko ta ƙungiya, idan ƙwallo ta zo da ƙarfi ta bugi hannu ta kuma bugi ƙirji a motsi guda, ba laifi ba ne. Sannan tun tsakiyar shekarun 1990 ƙwallo tana iya taɓa kowane sashe na jiki, har ƙafa. Idan ɗalibi ya miƙa ƙafa ya ceto ƙwallon da ke shirin faɗuwa, kada a hura masa usur, ko da wani ya rantse cewa a zamaninsu daga ƙugu zuwa sama ne kawai aka yarda. Gaskiya ya faɗa, zamanin ne ya wuce.

Laifin da ya fi wuyar hukunci shi ne riƙe ƙwallo. Doka ta ce a buge ta ta koma, kada a cafe ta, kada a jefa ta. Yaran da suka saba da ƙwallon hannu ko ta kwando sukan tallabe ta da tafin hannu daga ƙasa su ɗaga, ko su bar ta ta zauna a yatsunsu kafin su tura. Duk wannan riƙewa ne. Sai dai a ganina alƙalin da ke hura wa masu koyo ya kamata ya sassauta a makonnin farko, ya kama abin da ya fito fili kawai, domin in aka ce za a bi kowace ɗagawa da ma'aunin gasar ƙasa ba za a buga ƙwallo sau uku a jere ba. Muhimmin abu shi ne ma'aunin da ya ɗauka a farkon wasa ya riƙe shi har ƙarshe, kuma ya yi wa ɓangarorin biyu daidai.

Yanzu ga abin da na fi so ka natsu a kansa, wato juyi, domin shi ne dokar da aka fi watsi da ita a wasan unguwa, kuma shi ne ke bambanta ƙwallon raga na gaskiya da buge-bugen ƙwallo a kan igiya. Wurare shida na fili suna da lamba. Idan kana fuskantar raga, baya ta dama shi ne 1, gaba ta dama 2, gaba ta tsakiya 3, gaba ta hagu 4, baya ta hagu 5, baya ta tsakiya 6. Wanda ke lamba 1 shi ke yin sabis. Duk lokacin da ƙungiyar da ta karɓi sabis ta ci musaya, sai ta sami maki, sabis ya dawo hannunta, 'yan wasanta kuma su matsa wuri ɗaya yadda hannun agogo ke tafiya: na 2 ya koma 1 ya yi sabis, na 1 ya koma 6, na 6 ya koma 5, na 5 ya haura 4, na 4 ya koma 3, na 3 ya koma 2. Idan ƙungiyar da ta yi sabis ce ta ci, ba ta juyawa, wanda ya yi shi zai sake. Jerin da koci ya bayar a farkon zagaye shi za a bi har ƙarshensa, kuma idan wanda ba layinsa ba ne ya yi sabis, ƙungiyarsa ta yi asarar maki da sabis ɗin, sannan a gyara jerin.

Hikimar wannan doka a bayyane take. Ba don ita ba, kowace ƙungiya za ta kafa dogayenta uku a bakin raga daga farko har ƙarshe, ta kuma ba mutum ɗaya sabis. Juyi ya tilasta wa dogo ya koma baya ya koyi karɓa, gajere kuma ya zo gaba ya san abin da zai yi. A lokacin da mai sabis ya bugi ƙwallo, wajibi ne ƙungiyar da ke karɓa ta kasance a jerinta: ɗan baya ya fi na gabansa nisa da layin tsakiya, na tsakiya kuma ya kasance tsakanin na dama da na hagu a sahunsa, kuma da ƙafa ake duba wannan. Da zarar an buga, kowa yana iya gudu zuwa inda ya fi ƙwarewa, shi ya sa za ka ga mai haɗawa ya fito daga baya a guje zuwa bakin raga. Amma sauya wuri ba ya sauya matsayi. Ɗan baya yana nan ɗan baya har juyi ya kawo shi gaba, saboda haka ba ya tarewa a raga, kuma ba ya dukan ƙwallon da ke sama da raga sai in ya daka tsallensa daga bayan layin mita 3 bai taka shi ba. Bayan dukan yana iya sauka a yankin gaba. Shawarata ita ce ka sa ɗalibi ɗaya mai natsuwa ya zauna da takarda, ya rubuta jerin kowace ƙungiya, ya riƙa duba mai sabis kafin a hura usur. In babu lamba a rigunan yara, a rubuta musu da alli ko a liƙa ƙyalle, domin ba a iya bin juyi da fuska kawai.

Dokokin raga gajeru ne amma suna kare lafiya. Taɓa raga tsakanin eriya biyu yayin da mutum yake cikin buga ƙwallo laifi ne, tun daga tashinsa har saukarsa. Idan ƙwallo ce ta tura ragar ta taɓa ɗan wasa, babu laifi. Ƙwallon da ta faɗa cikin raga kuma ana iya ceto ta in taɓawa ukun ba su ƙare ba. Mai tarewa yana iya miƙa hannu ya ƙetare raga, da sharaɗin kada ya hana abokan karawa haɗa ƙwallonsu kafin su kawo duka. A ƙasa kuwa, ƙafa tana iya shiga ɓangaren abokan karawa muddin wani sashe nata yana kan layin tsakiya ko daidai samansa, amma in ta ƙetare gaba ɗaya laifi ne. Ka tsananta a kan wannan fiye da komai, domin targaɗen idon sawu da aka fi samu a wasan yana faruwa ne lokacin da wanda ya yi tsalle ya sauko a kan ƙafar wanda ya ƙetaro layi.

Za ka kuma ga a talabijin ɗan wasa ɗaya da rigarsa ta bambanta da ta 'yan ƙungiyarsa. Shi ne libaro, wanda aka shigo da shi a 1998 domin ƙarfafa tsaron baya. Yana maye gurbin kowane ɗan baya ba tare da an lissafa shi cikin canji ba, sai dai a ƙa'idar FIVB ba ya yin sabis, ba ya tarewa, ba ya dukan ƙwallon da ke sama da raga daga ko'ina, kuma idan ya ɗaga ƙwallo da yatsu yana cikin yankin gaba, ɗan ƙungiyarsa ba zai doke ta tana sama da raga ba. Ga gasar gidaje ni dai da zan ba da shawara ku ajiye libaro a gefe har yara su iya juyi, tunda shigarsa da fitarsa suna ƙara rikita mai rubuta jeri.

Kowace ƙungiya tana da canji 6 a zagaye ɗaya. Wanda aka fara da shi yana iya fita ya dawo sau ɗaya, kuma sai a gurbin wanda ya canje shi. Tana kuma da damar neman hutu sau 2 a zagaye, kowanne daƙiƙa 30, tsakanin zagaye da zagaye kuma minti 3 ne. Alƙali na farko yana tsayawa a kan abin hawa a gefen raga, kuma hukuncinsa ne na ƙarshe. Na biyu yana ƙasa a ɗaya gefen yana lura da raga, da layin tsakiya, da jerin masu karɓa, sannan akwai masu tuta biyu ko huɗu a kusurwoyi. Kyaftin ne kaɗai ke da ikon yi wa alƙali magana ya nemi bayani. Katin ɗorawa gargaɗi ne, jan kati kuwa a wannan wasa ba kora ba ne kamar a ƙwallon ƙafa, maki ne da sabis ga abokan karawa. Idan aka ɗaga katunan biyu a hannu ɗaya ɗan wasa ya fita har ƙarshen zagayen, in kuma aka ɗaga su a hannu daban-daban ya fita daga wasan baki ɗaya.

Kafin ranar gasa, Malam, ka tara malaman gidaje da kyaftin-kyaftin a filin da kansa, ku bi waɗannan wurare da ƙwallo a hannu, musamman maki, da sabis mai goge raga, da taɓawa da ƙafa, da juyi. Ku kuma yanke shawara tun a ranar a kan abin da littafin doka bai tanada ba saboda an rubuta shi domin ɗakin wasa mai rufi: idan ƙwallo ta bugi reshen bishiya ko wayar lantarki da ta ratsa saman fili, fita ce ko a sake, idan kuma iskar hunturu ta yi ƙarfi daga gefe ɗaya, ko za a riƙa musayar ɓangare a tsakiyar kowane zagaye. A cire agogo, da zobe, da allurar ɗaura ɗankwali ko hijabi kafin a shiga fili, a kuma yayyafa wa ƙasa ruwa in ƙura ta yi yawa, amma kaɗan, don kada ta yi santsi.